Kaye a Dandali, Lamba a Jadawali

A wata ranar Alhamis ta watan Agustan 2024, kwanaki kaɗan bayan an rufe wasannin Olamfik na birnin Paris, na zauna a rumfar wani mai shayi da ke gefen kara a kasuwar Maigatari, kusa da inda ake durƙusar da raƙuma, na tarar musu ya yi zafi tsakanin waɗansu mutane, kowannensu yana riƙe da hujjarsa kamar yadda almajiri ke riƙe da allonsa. Asalin mas'alar kuwa shi ne, rediyo ta ba da labari cewa Amurka da Sin sun tashi da lambobin zinariya 40 kowacce, amma duk da haka aka rubuta Amurka a bisa, aka sa Sin a ƙarƙashinta. Wani dillalin shanu ya ce wannan son kai ne tsantsa, domin in an yi kunnen doki to an yi kunnen doki. Wani saurayi mai sayar da katin waya ya duba wayarsa ya ce ƙa'ida ce, in zinariya ta zo daidai sai a koma ga azurfa, Amurka kuwa tana da 44, Sin tana da 27. Akwai wani dattijo da ya kawo raƙuma daga wajen Dungas, wanda bai sa baki cikin lissafin ba sam, sai da suka gaji sa'an nan ya dubi saurayin ya ce, "To, ɗana, a cikin su biyun wa ya ka da wani?" Saurayin ya ce, "Baba, ai ba haka ake yi ba." Dattijon ya ce, "To, yaya ake yi?"

Wannan tambaya ta daɗe tana yi mini kai da kawo a zuci, domin na lura tana da asali, kuma asalin nata yana nan cikin tarihin ƙasar nan tamu. Mutumin da ya buɗe ido ya ga ana auna ƙarfin maza ta hanyar kai bayan ɗayansu ƙasa a gaban shaidu, lalle ne ya yi mamakin wani mizani da ake ɗebo nasarar mai ninƙaya da ta mai harbi da ta mai tsalle, a zuba su cikin buhu guda, a rubuta sunan ƙasa a jikin buhun, sa'an nan a yanke hukunci cewa wannan buhu ya fi wancan nauyi, alhali masu buhunan ba su taɓa kama kafaɗar juna ba.

Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, Mangawa ne suka kafa ta wajen shekarar 1750 a ƙarƙashin Ɗan Juma, ta kuwa zauna tana biyayya ga Barno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba ko bayan jihadi. Sarakunanta sun zauna a Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, kafin su dawo inda birnin yake a yau. Sa'ad da Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya ratsa ta Gumel a 1851, ya same ta babbar kasuwar kanwa, inda fataken gabas ke sauke kaya na yamma su ɗauka. Amma ƙasa ce da ke tsakanin manya, ga Haɗeja ta wannan gefe, ga Damagaram ta wancan, kuma yaƙi da hari ba su bar ta ta huta ba a mafi yawan ƙarni na 19. A irin wannan wuri, inda kowane ƙauye yake bukatar ya san samarin da zai dogara da su ranar da kuge ya yi ƙara, ƙarfin damtsen saurayi abu ne da jama'a duka suke da haƙƙi a cikinsa, shi ya sa gwada shi ya zama al'ada mai lokacinta da ladubbanta.

Lokacin kuwa shi ne kaka, bayan an yanke gero an ɗaure dammuna, rumbu ya cika, ciki ya ɗauka, jikin da ya sha huɗa da firi da maimai tun saukar damina ya yi tauri kamar icen ƙirya. A daren farin wata, ko da la'asar sakaliya a ranar kasuwa ko wajen bikin aure, sai a share dandali a kan rairayin da Allah ya hore wa ƙasar nan, makaɗa su zauna gefe guda, Sarkin Samari da dattawa su zauna gefe guda, 'yan mata su tsaya a bayansu, baƙin da suka zo daga maƙwabcin gari su yi nasu rukunin. Ɗan kokawa ya fito da walkinsa da gurayensa da layunsa, ya tsaya a tsakiyar fili ya yi kirari, ya ambaci garinsu da ubangidansa da waɗanda ya kayar bara, har wani daga ɗaya ɓangaren ya ji maganar ta ishe shi ya taso. Ƙa'idodin ba su da yawa, kuma ba a rubuce suke ba, amma kowa ya haddace su: ba duka, ba cizo, ba sa yatsa a ido, wanda bayansa ko mazauninsa ya taɓa ƙasa ya sha kaye, in kuwa an ga ƙaton ƙato ya taso wa yaro, dattijo ɗaya ya isa ya ɗaga hannu ya ce wannan ba tsaransa ba ne. Sikelinsu shi ne idon manya, agogonsu shi ne gajiyar makaɗa.

Abin da ya fi jan hankalina cikin wannan tsari shi ne babu na biyu, balle na uku. Akwai wanda ya yi kaye, akwai wanda aka kayar, akwai kuma canjaras in an kasa. Kyautar da ake samu, goro ne ko riga ko kuɗin da ake liƙawa a goshi, wani lokaci da farin jini wajen 'yan mata wanda yakan kai ga aure, duk tana ƙarewa kafin wata kakar. Abin da ke wanzuwa shi ne suna, sunan kuwa a bakin makaɗi yake zaune. Makaɗi shi ne magatakardan dandali, shi ke riƙe da tarihin wane ya ka da wane a garin kaza, yana ƙara wa wannan yana rage wa wancan gwargwadon alheri, amma ba ya iya ƙaga kayen da ba a yi ba, domin shaidu suna da rai. Haka abin yake ga dambe, wasan da aka san mahauta da shi tun asali, inda ake naɗe hannu guda da zare a yi turmi uku, wanda ya kai ƙasa a ce an kashe shi. Duk wanda ya taɓa jin yadda makaɗi Ɗan Anace ya ɗaukaka sunan ɗan dambe Shago har ya kai kunnen mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Zamfara ba, ya san cewa kalangu ya riga takarda iya adana gwaninta. Langa ce kaɗai, wasan yara masu riƙe ƙafa ɗaya suna tsalle da ɗaya, ake yi ƙungiya da ƙungiya ana ƙirga sha, ita ma da gari ya waye an manta da lissafin jiya.

Kada kuma a zaci malamanmu ba su da abin cewa a wannan babi. Wanda ya karanta Risala ko ya kai Muhtasar a zaure ya san fuƙaha'u sun keɓe wa musabaƙa bahasi na musamman, suka halatta sa kyauta a tseren dawaki da na raƙuma da harbin kibiya, suka gindaya sharuɗɗa: a san mafari da matuƙa, a ayyana abin hawa, kyautar ta kasance sananniya, kuma in ɗaya daga cikin masu tsere biyu ne ya fitar da ita sa'an nan shi ya yi gaba, ba ya mayar da ita aljihunsa, waɗanda suka halarta su ke amfana, domin a toshe ƙofar caca. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa tsere tsakanin dawakin da aka horar daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, ya kuma sa wa waɗanda ba a horar ba zango mafi gajarta, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Wannan kuwa asali ne babba ga raba masu gasa gwargwadon ƙarfinsu. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo labarin kokawar Manzon Allah da Rukana. Larabawa ma sun daɗe suna jera martabobi, gama suna da suna ga kowane doki daga na ɗaya har na goma, na farko Mujalli, mai bi masa Musalli saboda kansa yana daidai da kuturin na gaba, na ƙarshe Sukaitu. Saboda haka jera gwanaye daki-daki ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna gaban malami. Sai dai ilimin ya tsaya a zaure, dandali kuma ya ci gaba da nasa hukuncin, musamman da yake malamai da yawa suna ƙyamar filin saboda layu da tsafe-tsafe da cuɗanyar maza da mata da ke tattare da shi.

Abubuwa uku ne suka sauya wannan hali bayan zuwan Turawa a 1903, kuma ba a lokaci guda suka yi aikinsu ba. Na farko iyaka: Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a 1906, jami'ansu suka bi daji suna kafa alamu har 1908, aka wayi gari Tumbi, tsohon mazaunin sarakunan Gumel, tana wata ƙasa, Maigatari ta zama bakin iyaka, saurayin Dungas da na Maigatari waɗanda kakanninsu ɗaya suka zama talakawan sarauta biyu. Na biyu jirgin ƙasa, wanda ya tashi daga Kano ya ratsa ta Gagarawa ya isa Nguru a 1930, ya kawo masu awon gyaɗa da kuɗin takarda da baƙin fuska, inda kuwa kuɗi da taro suka haɗu nan wasa yake komawa sana'a, a kewaye fili da zana a karɓi kuɗin ƙofa. Na uku, wanda ya fi su tasiri ko da yake ya fi su shiru, shi ne makarantar boko. A can ne aka fara jan layi da farar ƙasa, aka kawo usur da igiyar awo, aka tara yara ranar bikin Daular Ingila, 24 ga Mayu, a sa su gudu da tsalle da jan igiya, malami yana tsaye da rajista yana rubuta na ɗaya da na biyu da na uku, sa'an nan a tara makin kowane gida a faɗi gidan da ya ci. Wannan rajistar ta malamin elemantare ita ce kakar jadawalin da aka yi musu a kansa a rumfar mai shayi.

Bayan mulkin kai abin ya girma ya zama sha'anin gwamnati. A watan Janairun 1973 Ikko ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashen Afirka karo na biyu, bayan na farko da aka yi a Barazabil a 1965, kuma a wannan shekara gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙaddamar da bikin wasanni na ƙasa, da nufin samarin da yaƙin basasa ya raba su haɗu a fili guda. Daga baya aka shigar da dambe da kokawa da langa cikin wannan biki, aka rubuta musu dokoki, aka sa alƙali mai usur, aka raba langa zuwa ruwa da tureshi da kawoshi, aka kawo sikeli ana auna ɗan kokawa kamar buhun riɗi kafin ya shiga fili. A nan ne jihohin Arewa suka fi sa rai da lamba, har da Jigawa wadda aka cire daga Kano ranar 27 ga Agustan 1991. Amma saman jadawali ya daɗe yana hannun jihar Delta, kuma sanannen abu ne cewa jiha mai hali takan ɗauki ɗan wasan da wata jiha ta rena ta sa masa rigarta. Ni dai ina ganin sikelin nan adalci ne, yana kuma kare yara daga karaya, ba na musun haka. Illa iyaka ya ɗauke mana wani abu da tsofaffi suke ƙauna ƙwarai, watau ganin ɗan siririn saurayi ya shiga ƙarƙashin ƙato da dabara ya ɗaga shi sama, taro ya ruɗe da sowa.

'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka wata hanya suka bi, kuma a ganina sun fi mu dacewa. A 1975, zamanin Seyni Kunce, aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama farkon wanda ya ɗauki takobi, tun daga nan kuma gasar take zagaya jihohin Nijar, kowace jiha daga cikin takwas tana kawo 'yan kokawa goma. Sun karɓi agogo da alƙali da gargaɗi ga mai gudun kamu, amma ba su karɓi sikeli a gasar takobi ba, kuma sun riƙe tsohuwar ƙa'idar dandali: wanda ya faɗi ya fita daga neman takobi, a yi ta tankaɗe da rairaya har a bar mutum biyu da bayansu bai taɓa ƙasa ba, su kama, ɗaya ya tashi da takobi da rawani da doki da kayan hawansa. Har kirari da shigar gargajiya suna da nasu kyautar. Filin kokawar Damagaram sunan Langa-Langa yake ɗauke da shi, na Maraɗi sunan Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, kuma a kwanakin gasar za ka iske mutanen Maigatari da ƙauyukan Sule Tankarkar sun kewaye rediyo da waya suna bin kowane kamu kamar a ƙofar gidansu ake yi, yawancinsu suna goyon bayan Damagaram, garin da kakanninsa suka sha kawo wa kakanninmu hari. Sa'ad da Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a watan Disamban 2005, kokawar gargajiya ta shiga fili a gaban baƙin duniya, a cikin wata gasa da ake ba da lamba har ga mawaƙi da mai tatsuniya da mai zane.

Su kansu lambobin nan uku da ake ɗauka kamar tun fil'azal suke, ba su daɗe ba. Girkawan dā da suka fara wasannin a Olimfiya, da kokawa a cikinsu, mutum ɗaya suke naɗa wa kambin ganyen zaitun, sauran su koma gida hannu rabbana, daidai da hukuncin dandalinmu. Sa'ad da Bafaranshen nan Pierre de Coubertin ya farfaɗo da wasannin aka yi na farko a Atina a 1896, wanda ya zo na ɗaya azurfa aka ba shi, na uku bai sami kome ba. Sai a 1904 aka fara jera zinariya da azurfa da tagulla, kuma tun bayan 1912 ba a sake ba da zinariya zalla ba, ta yanzu azurfa ce da aka shafe da zinariyar da ba ta gaza giram 6 ba. Wani abin lura kuma, kundin dokokin Olamfik ya bayyana cewa gasar tsakanin 'yan wasa take, ba tsakanin ƙasashe ba. Jadawalin da duniya ke tada jijiyar wuya a kansa al'ada ce da jaridu da gwamnatoci suka rena har ta fi ƙarfin nassi. Shi ya sa ake saɓani a kan yadda za a jera shi. Mafi yawan duniya suna fara duba zinariya, ta yadda mai zinariya ɗaya tak yake hawa kan mai azurfa goma; jaridun Amurka kuwa sun saba tara jimilla, abin da ya sa a wasannin Bejin na 2008, inda Sin ta fi kowa zinariya Amurka kuma ta fi kowa jimilla, kowane ɓangare ya buga nasa jadawalin da sunansa a bisa. Da dillalin shanun nan ya san wannan, da ya ƙara samun ƙarfin gwiwa a kan zarginsa, ko da yake a mas'alar Paris saurayin ne yake da gaskiya, domin ko ta azurfa ko ta jimilla aka auna Amurka ce a gaba.

Akwai kuma rashin daidaito a cikin buhun kansa. Ninƙaya tana da lambobin zinariya fiye da talatin a kowace gasa, ƙwallon ƙafa kuwa biyu kacal, ɗaya ta maza ɗaya ta mata. Mutum guda, Michael Phelps, ya kwashe zinariya 8 a Bejin cikin kwanaki kaɗan, alhali Nijeriya tun da ta fara zuwa a 1952 zinariya 3 take da ita: ta Chioma Ajunwa a dogon tsalle a 1996, da ta ƙwallon ƙafa a wannan shekara a Atlanta, wadda 'yan Kaduna irin su Garba Lawal da Tijjani Babangida suka sa ƙafa a cikinta, da ta gudun miƙa sanda ta 2000. Ƙasar da take da tafkunan wanka a makarantunta tana da ƙofofi talatin, ƙasar da rairayi da ƙwallo kaɗai take da su tana da ƙofa ɗaya ko biyu, sa'an nan a jera su a takarda ɗaya a ce an gwada ƙarfinsu.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na ƙasashen nan biyu da Maigatari ke tsakaninsu. A wasannin 1972 a birnin Munich na Jamus, Nijeriya ta sami tagulla ɗaya a damben zamani ta hannun Isaac Ikhouria, Nijar ma ta sami tagulla ɗaya a damben zamani ta hannun Issaka Dabore, suka tashi kafaɗa da kafaɗa. Bayan shekara 44, a Riyo ta Barazil a 2016, 'yan ƙwallon Nijeriya su goma sha takwas suka sha gumin wasanni shida, suka doke Honduras da ci 3 da 2, Sadiq Umar ya zuba biyu Aminu Umar ya zuba ɗaya, aka rubuta musu tagulla guda. Nijar kuwa saurayi ɗaya, Abdurrazaƙ Isufu Alfaga, ya ci azurfa a wasan taikwando, sai ga sunan Nijar a bisa na Nijeriya. Na tuna yadda fataken ƙetare suka yi ta yi wa mutanenmu ba'a irin ta taubasai a kasuwa a wannan lokaci, mu kuwa muka karɓa da murna, domin yaron ba mu ɗauke shi bare ba. A nan na fara gane cewa layin da ke raba sunaye a jadawali shi ne dai layin da aka ja a daji tsakanin 1906 da 1908, kuma da alamar ta gusa kaɗan kudu ko arewa, da garuruwa da yawa sun yi murna da wata lambar dabam.

Hasali ma lamba tuta take bi, ba jini ba. Daniel Igali, wanda ya koyi kokawa a ƙauyensu a Bayelsa, ya tafi Kanada da rigar Nijeriya a gasar ƙasashe renon Ingila ta 1994, ya zauna can, ya ci zinariya a Sidni a 2000, aka rubuta ta a layin Kanada. Daga baya ya komo gida ya shugabanci hukumar kokawa ta Nijeriya, a zamaninsa kuma Blessing Oborududu ta ci azurfa a Tokiyo. Wani lokaci kuma jadawalin yakan sauya bayan an daɗe da watsewa. Mutum huɗu da suka yi wa Nijeriya gudun miƙa sanda a Sidni azurfa aka rataya musu a ranar, sai da wani ɗan Amurka ya amsa cewa ya sha ƙwayar ƙara kuzari aka karɓe ta Amurka, aka mayar wa Nijeriya zinariyar a 2012, alhali Sunday Bada, ɗaya daga cikin mutum huɗun, ya rasu a watan Disamban 2011. Gyara zalunci ko da bayan shekara goma sha biyu abin yabo ne, kuma dandalinmu ba shi da hanyar yin irinsa, gama wanda ya yi maguɗi a can in bai tonu a daren ba ya tsira ke nan; amma duk lokacin da na tuna mutumin nan ya shiga kabari yana na biyu a takarda, zuciyata takan sosu.

Abin da ya fi damuna, bilhaƙƙi, yana nan gida. Nijeriya ta dawo daga Paris ba ko tagulla, aka yi ta zargin hukumomi a rediyo mako guda, aka yi shiru. Alhali kuwa waɗansu 'yan kokawar Bayelsa da suka kai ga lamba daga kokawar gargajiyar garuruwansu suka taso, aka sami wanda ya san hanya ya ɗora su a kan katifar zamani ya koya musu dokokinta. Yaron da ke Gagarawa ko Sule Tankarkar, wanda ya iya ɗaukar dami biyu ya kuma ka da duk tsaransa kafin ya kai shekara goma sha biyar, ba shi da ƙarancin ƙashi ko zuciya; abin da ya rasa shi ne malamin wasanni a makarantarsu, da gasar ƙaramar hukuma da za a yi kowace shekara ba fashi, da wanda zai rubuta sunansa ya kai Dutse. Da rani ya yi sai ya tafi cin rani Kano ko Ikko ya kama turin baro, ƙarfin ya ƙare a can. Dandalin da ya reni kakansa yana ta raguwa, domin samari sun koma gidan kallon ƙwallon Turai, tsarin zamani da ya kamata ya gaje shi kuma bai iso ba, yaron ya zauna tsakanin biyu.

A rumfar mai shayin, da na ga musun ya lafa, sai na ba su labarin abin da ya faru a Tokiyo a 2021, inda Mutaz Barshim na Ƙatar da Gianmarco Tamberi na Italiya suka tsallake mita 2.37 su biyu, suka kasa abin da ke gaba su biyu, alƙali ya zo zai sa su raba gardama, Barshim ya tambaya ko za a iya ba su zinariya biyu, doka kuwa ta yarda, suka rungume juna. Dillalin ya ce to ga shi nan, abin da ya kamata a yi wa Amurka da Sin ke nan. Saurayin ya ce wannan dabam wancan dabam. Dattijon ya kurɓe sauran shayinsa, ya ce a wajensu ma in biyu suka kama har makaɗa suka gaji ba wanda ya faɗi, manya sukan shiga su raba su, a kasa goron biyu, amma kowa ya san ba a gama ba, an dai ɗage zuwa baɗi. Ana cikin haka wani yaro ya zo ya ce masa mai sayen amalen nan ya dawo, ya miƙe ya gyara rawaninsa, ya ce mini, "Malam, in an yanke gero ka hau mota ka zo wajenmu, akwai wani yaro da ya taso bana, ina so ka gan shi." Ya biya kuɗin shayinmu duka, ya nufi cikin kara.